Kwalbar Hagu

Ni mutum ne mai saurin hannu. Ba yabon kai nake ba, ba kuma neman a tausaya mini ba, duk unguwar Zariya ta Maradi an san ni da haka. Kafin bakina ya gama haɗa magana, hannuna ya riga ya isa wurin. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ji abin da zai biyo baya ya ce ai tsautsayi ne. Rabinsa tsautsayi ne, rabin kuwa ni ne da kaina.

Baba mai gyaran rediyo ne a Sabon Gari, ya tsufa a cikin wata ƴar rumfa mai warin dalma. Lokacin da wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko, zai koma ƙasarsu, ya bar masa kayan sauraronsa: abin juya faifai, da lasifika biyu manya, da babban ampili mai ba su ƙarfi, da wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke zama a tsakani. Wannan ƙaramin shi ne zuciyar Baba. Shi yake karɓar sautin faifai tun yana siriri, ya gyara shi, ya miƙa wa babban. Baba yana kiran sa firampili, da bakin Turawan Faransa. Mu a gida akwatin Baba kawai muke cewa.

In ka ɗage murfinsa za ka ga wasu ƴan kwalabe biyu a tsaye, kowace ba ta fi babban yatsa ba, da ƙafafun ƙarfe sirara a gindinsu suna shiga cikin ramuka. Masu gyara lamp suke ce musu, mu kuma kwalba. In an kunna, sai ɗan ja ya bayyana a cikinsu kamar garwashi. Ta hagu ita ke da lasifikar hagu, ta dama ke da ta dama. Baba yana da gwangwanin madara cike da auduga inda yake ajiye wasu, na Rasha da na Ingila, sai kuma guda biyu na Jamus da ba ya yarda ko inuwarka ta faɗa musu. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya zauna ya yi ta canza su. Na Rasha ganga suke fitarwa, amma muryar mace takan dushe. Na Ingila zaƙi gare su, sai dai ba nauyi. Na Jamus kuwa, wallahi har jan numfashin mai goge kana ji kafin ya ɗora waƙa. Yakan sa in rufe ido in faɗi waɗanda ke ciki, in na kuskure in sha ranƙwashi.

Ni ya koya wa aikin, kuma da bulala ya koya mini. Wayar eriya ce ya ninka biyu, tana rataye a ƙusa. Dokarsa ba ta da yawa. Kafin ka buɗe akwati ka cire waya daga bango, ko da kuwa an ɗauke wuta a duk garin. Sannan hannu ɗaya ke shiga ciki, ɗayan yana aljihu, don in kuran, wato wutar lantarki, ya kama ka kada ya bi ta ƙirji. Duk ranar da na manta na sa hannu biyu, sai dai in ji tsau a bayan hannu, wurin ya tashi ruɗu-ruɗu. Har yau akwai layi biyu a hannuna na hagu da gashi ba ya fita. Ƙanena kuwa, autan Inna, bai taɓa ɗanɗana wayar nan ba. Shi lakwal aka sa shi, Baba ya ce hannunsa na alƙalami ne. To, madalla. Ya yi karatu, ya tafi Yamai, ya samu ofis mai sanyi, ya koyi yi wa mutane bayani a kan abin da suka fi shi sani.

Wata rana a Tibiri, wurin sunan jikar gwaggonmu, na yi ƙoƙarin faɗar wata kalma da Faransanci a cikin mutane, na karkace ta. Auta ya maimaita yadda na faɗa, aka kwashe da dariya har da surukai. Naushi ɗaya na yi masa. Haƙorinsa na gaba ya faɗo kan tabarma, jini ya ɓata masa farar shadda, mata suka yi ta salati, aka tashi daga cin tuwo. Muna manya fa, ni har da ƴaƴa biyu.

Washegari da hantsi Inna ta kira ni ɗakin Baba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa Baba ya sauko da Alƙur'aninsa, ta ce in je in yi alwala in zo in dafa. Na dafa. Ta ce, "Ka ji ni da kyau. In ka ƙara ɗaga hannu ga ɗan'uwanka, ban yahe maka nonon da ka sha ba, kuma kar ka nemi albarka a bakina." Na ce na ji. Na tashi na fito, duk rashin jina ban taɓa tunanin rayuwa babu albarkar Inna ba. Shekaru na riƙe rantsuwar nan. In Auta ya fara iyayinsa, sai in tashi in bar masa wurin, in je in huce a kan jakin wani ko ƙofar gida.

Sai Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka rufe rumfa. Ni da ma na koma noman rani a Jiratawa, ina da ɗan fili na tattasai da zogale. Kullum in yi sammako in je in ba da ruwa, kafin hantsi na dawo in juya Baba, in wanke shi, in canza masa shimfiɗa, in ba shi kunu da cokali. In na gama sai in kunna masa akwatinsa. Da safe karatu, da rana goge ko gurmi. Na sa masa kwalaben Jamus na bar su a ciki, tunda ban ga ranar da ake ajiye su dominta ba in ba wannan ba. In sautin ya tashi sai ka ga yatsun hannunsa mai lafiya suna motsi a kan bargo. Abin da ya rage masa ke nan a duniya. Auta kuwa sai da salla yake zuwa, da ledar magani da turare da shawara buhu-buhu. Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Haushi mai tsanani nake ji.

A wata bazara ya zo hutu, ya fito da wani ɗan kwali daga jaka yana murmushi da haƙorinsa na roba. Kwalabe biyu ne sababbi fil, ƴan ƙasar Sin, wai ta waya ya saya, wani ɗan kasuwa ya taho masa da su.

"Yaya," ya ce, "na Jamus ɗin nan sun gaji. Ba ka ji ɓangaren hagu yana shuuu ba?"

Gaskiya ya faɗa, yana yi. Na san da shi, datti ne a ƙafafun kwalbar, nakan goge lokaci-lokaci. Amma a ce wai shi zai gaya mini? Shi da bai san ko ta ina ake riƙe abin narka dalma ba?

Na ce, "Kar ka taɓa."

"Haba Yaya, ciro wannan a sa wannan, mi ne ne abin wahala? Na gani a waya, ko minti biyar ba a yi."

"Na ce kar ka taɓa. Je ka taɓa wayar taka."

"Akwatin Baba ne fa, ba naka ba."

Hannuna har ya dunƙule. Na tuna Alƙur'anin da na dafa, na juya na fita tsakar gida, na ɗauki buta na juye wa kaina ruwa. Inna tana gindin bedi tana dakan yaji, ta dube ni ta ci gaba da dakanta.

Tun hantsi aka ɗauke wuta ranar. Kuma ka san halinmu, in wuta ta tafi ba mai kashe komai, fanka da fitila da rediyo duk a kunne ake barin su, don da ta dawo a sani. Akwatin Baba ma a kunne yake tun karatun safe da ya yanke. Auta ya duba, babu wuta a gari, to mene ne na wahalar jan gado don a cire waya daga bango? Duk wanda bai sha wayar eriyar Baba ba haka zai yi tunani. Ya kwance murfin. Ya ciro kwalbar hagu ya ajiye a gefen tebur. Ta dama ta ƙi fita, mazauninta yana rawa, sai ya zura ɗayan hannun ta ƙasa don ya tokare, daidai inda wayar bango ke shigowa. Ƙafarsa ba takalmi, a kan siminti, jikinsa sharkaf da gumi.

Ina tsugune da buta na ji unguwa ta ɗauki ihun an kawo wuta. Fankar rumfa ta yi ƙiii ta fara juyawa. Sai na ji wani sauti daga ɗakin Baba. Ba kuka ba ne, gurnani ne irin na ragon da aka danne za a yanka.

Ban san lokacin da na fizge taɓaryar daga hannun Inna ba. Wannan ma koyarwar Baba ce: wanda kuran ya kama ba a taɓa shi da hannu, busasshen icce ake sa wa. Na faɗa ɗakin. Auta yana tsaye a sanƙare, hannayensa biyu a cikin akwatin, wuyansa ya miƙe, haƙoransa a cije, idanunsa sun firfito, duk jikinsa yana karkarwa har tebur yana bugun bango. Warin ƙonar fata ya cika ɗakin. Wurin cire wayar yana bayan gadon Baba, kafin in ja gadon da mutum a kai Auta ya tafi lahira. Na ɗaga taɓarya na sauke masa a damtse da duk ƙarfina. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Hannun ya saki, ya tafi da baya, ya zube a ƙasa ya jingina da ƙafar gado.

Ya tsira. Ina so a fahimci wannan sosai, don a nan maganar take. Ya rabu da wutar, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, idonsa a buɗe. Na gani da idona. Aikina ya ƙare, abin da ya rage in yar da iccen in rungume shi.

Sai idona ya sauka a kan siminti. Kwalbar Jamus ta hagu ce, ta gangaro daga tebur, diddigensa ya murƙushe ta. Gilashin ya zama gari, ƴan ƙarafan cikinta sun lanƙwashe. Kwalbar da Baba ya yi shekaru yana naɗewa a auduga, wadda na sha ranƙwashi a kanta, wadda babu irinta ko a Kano. Na ce kar ya taɓa. Sau biyu na ce kar ya taɓa! Ban ce hankalina ya gushe ba, ƙarya ne in na ce haka. Na ja numfashi ɗaya, na ja na biyu, ina sane. Na sake ɗaga taɓaryar na kai masa a gefen kai. Allah ya sa bakin gadon ya tare rabin ƙarfin, in ba haka ba da yau wani labarin ake yi. Sauran ya same shi a kunnen hagu. Kansa ya bugi ƙarfe, jini ya tsarto ta cikin kunnen ya bi wuya, ya sulale ya kwanta.

Da na ɗago sai muka haɗa ido da Baba. Yana kwance a kan gadon, kansa a juye wajenmu, bakinsa mai karkata yana motsi, miyau yana zuba, babu abin da ke fita sai iska.

Inna ta shigo da salati, maƙwabta suka cika gida, wani ya kawo mota aka tafi asibiti. Tun a hanya aka fara yabona. Kai, wannan namiji ne, da wani ne da ya kama shi da hannu sun tafi su biyu, Allah ya yi wa mahaifinsu albarka da ya koya masa. Lokotoro ya ɗaure hannun, ya duba tafin da ya ƙone, ya ce kunnen kam da wuya ya dawo, wataƙila ƙarfen gado ne ya buge shi da zai faɗi. Na gyaɗa kai na ce haka ne, ƙarfen gado ne. Auta da ya farfaɗo bai ce komai a kai ba. Ya riƙe hannuna da mai lafiyar ya ce, "Na gode, Yaya." Na ji kamar in haƙa rami in shige.

Da la'asar na koma gida na dama wa Baba kunu. Na kai cokali bakinsa, ya datse leɓe. Na sake kaiwa, ya kau da kai. Sai ya lallaɓo da hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannuna, ya ɗaga yatsa biyu da ƙyar ya buge ni a bayan hannu, daidai kan tabon wayar eriya. Ya buga sau ɗaya, ya huta, ya ƙara. Ko ƙuda ba zai mutu da bugun nan ba, amma duk dukan da ya yi mini a rumfa bai kai shi zafi ba. Daga ranar bai ƙara karɓar abinci daga hannuna ba, Inna ce ke ba shi. Na sa masa kwalaben Rasha na kunna, yatsun ba su motsa ba. Bai ga ƙarshen damina ba.

Na ɗauka maganar ta bi shi kabari. Bayan an yi arba'in, na kawo wa Inna zogale daga Jiratawa, tana zaune tana tsigewa a faranti, na durƙusa na ce zan koma gona. Jira nake ta ce Allah ya yi albarka, kamar kullum. Sai a lokacin na lura tun ranar nan ba ta faɗa ba, a dawo lafiya kawai take cewa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Tun kana goye nike daka da taɓaryar nan. Ko daga bayan gari aka buga ta na san ƙararta. Biyu na ji."

Ta ci gaba da tsige zogalenta.

"Ta farin, Allah ya saka maka, ka maido mini ɗa. Ta biyun ba wurina take ba. Ka tahi wurin mai kunnen. In ya sake ka, ni ma na sake ka."

Ka ji aiki! Ni da ban taɓa tsoron ƙato ba, ni da na taɓa tsayawa da mutum uku a bakin rijiyar gona, sai ga shi ina tsoron ƙanena mai haƙorin roba. Duk salla yakan zo, mu shiga ɗakin Baba mu kunna akwatin. Yakan zauna tsakiyar lasifikan, ya karkata kai, ya yi dariya ya ce, "Yaya, hagun nan ta mutu, canza kwalbar." Ni kuma in cire waya daga bango, in jira su huce, in sa hannu ɗaya a aljihu, in ɗauke ta hagu in mai da ita dama, ta dama in mai da ita hagu. Haka ake gane mai laifi, in matsalar ta bi kwalba zuwa ɗaya ɓangaren to kwalbar ce, in ta tsaya inda take to a nemi dalili wani wuri. Sai in kunna, ya saurara, ya ce, "Har yanzu dai hagu." Mu yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A nan nake faɗa masa. In kiɗa ya yi ƙarfi sai in matso ta hagunsa, in sunkuya in ce, "Auta, sau biyu na buge ka, na biyun da gangan ne." In faɗa sarai, kalma-kalma, a kunnen da ba ya ji. Sannan in fito in ce wa zuciyata ai na faɗa. Shekara uku na yi haka. Inna tana tsakar gida tana ƙara tsufa, idonta ya fara hazo, kullum a dawo lafiya.

Babbar sallar da ta wuce, bayan an gama suyar nama, muka shiga kamar kullum. Na canza kwalabe, na kunna goge, na matsa ta hagu na faɗi abina. Na miƙe zan fita sai ya sa hannu ya rage sautin.

"Yaya, ka zagayo ta dama. Ka san wannan ba ya ji."

Na tsaya cak.

"Shekara uku kana yi wa mataccen kunne magana. Ina ganin bakinka a gilashin kabad. Zagayo."

Taku huɗu ne tsakanin hagunsa da damansa. Na yi su kamar mai ɗauke da buhun gero. Na durƙusa, ni babba, a gaban autan gidanmu, na faɗa masa. Muryata ta fita wata iri, ban gane ta ba.

Ya ce, "Na sani. Idona buɗe yake, na ga sanda ka ɗaga." Ya kalli ɗan jan da ke cikin kwalaben. "Ɗiyata ƙarama in ta zo yi mini raɗa sai ta yi ta juya mini kai, tana neman kunnen kirki. A ofis an mai da ni kurman dole. Kai kuma ana ce maka jarumi."

Na ce, "Ka yafe mini don Allah."

Ya tashi tsaye, ya naɗe hannun rigarsa a hankali, wancan hannun da na karya. Mutumin da tun da aka haife shi ko kaza bai taɓa duka ba. Na ga abin yana zuwa, na sa hannayena biyu a baya na riƙe. Ya ɗauke ni da mari a kunnen hagu, da dukan jikinsa, har sai da na kifa kan tebur faifan ya yi tsalle. Wuta ta gilma mini a ido, bakina ya cika da gishiri, kunnen ya ɗauki ƙara kamar an bar rediyo babu tasha. Na dafa ƙasa na miƙe, na sake miƙa masa fuska. Ya dube ni, hawaye yana zuba masa. Ya sauke hannun riga ya fita.

Na bi shi ina tangaɗi. Inna tana kan tabarma gindin bedi, da ƙwaryar soyayyen nama a gabanta, ta juyo da fuska wajen ƙofar ɗakin.

"Ɗaya na ji," ta ce.

Auta ya ce, "Ɗaya ce, Inna. Ta isa. Sa mishi albarka."

Ta miƙo hannu tana laluben iska. Na durƙusa na kai kaina ƙarƙashin tafin. Ta shafa, ta gangaro ta taɓa kunnen da ya kumbura, ta ga alama na juya mata shi ne don in ji. Sai ta kama haɓata ta juyo da ɗaya ɓangaren, ta sunkuyo, ta faɗa mini a na dama.